Yadda ake masar masara a gida

A Damagaram in aka ce masa, hankalin mutane kan ta hatsi yake zuwa, ko ta shinkafa in ana biki. Ta masara kuwa an riga an ɓata mata suna: wai tauri gare ta, wai tana wargajewa a tanda, wai in ta huce sai ka rantse gayan tuwon jiya ne. Kuma ba ƙarya aka yi mata ba, in dai gari aka kwaɓa da ruwa aka watsa yis aka ce je ki tashi. Garin alkama yana da danƙon da ke riƙe iska a cikin ƙullu, masara ba ta da shi ko kaɗan. Saboda haka ke za ki ƙirƙirar mata danƙon, ta hanyar dafa kashi ɗaya cikin huɗu na garin ya zama talge kafin ki haɗa shi da sauran ɗanyen. Wannan shi ne abin da goggona ta koya mini bayan na ɓata gari ya fi tiya uku ina gwaji ni kaɗai, kuma a kansa sauran aikin duka yake tafiya.

Kayan aiki

Tanda, ta ƙasa ko ta dalma. Ni ta ƙasa na fi so, irin wadda maginan Mirya, garin da ke kusa da Damagaram, ke kawowa, don tana riƙe zafi kuma ba ta saurin ƙona ƙasan masa. Ta dalma ta fi jure wahala, ba ta fashewa in yaro ya ture ta, amma tana son a sa mata ido. Kowace kika samu a Kasuwar Dole, ki duba guraben su zama masu santsi, zurfinsu kada ya wuce gaɓar yatsa biyu. Gurbi mai zurfi da yawa ya dace da shinkafa. Masara ta fi nauyi, tsakiyarta ba ta nuna a cikinsa.

Sai roba ko ƙwarya babba wadda ƙullun ba zai wuce rabinta ba, da murfi ko faifai. Sai tukunya, muciya, rariya mai laushi, ludayi ƙarami, cokalin ƙarfe mai siririn baki na juyawa, da ƙaramin kwano na mai. Kwando ko faifai na kwashewa.

Kayan haɗi

Ma'aunina kofin shan ruwa ne mai cin kusan rubu'in lita. Wannan awon yana ba ni masa 28 zuwa 32 a tandata.

Garin masara, kofi 4
Ruwa, kofi 5 ko ƙasa da haka kaɗan
Yis na burodi, ƙaramin cokali 1
Sukari, babban cokali 3
Gishiri, rabin ƙaramin cokali
Albasa matsakaiciya 1
Kanwa, kamar girman ƙwayar gyaɗa 2
Man gyaɗa, kusan kofi 1

A butik ki duba jikin ledar yis ɗin. Wanda aka rubuta levure boulangère shi kike nema. Mai levure chimique bakin hoda ne na kek, aikinsa daban, zan zo kansa a ƙasa.

1. Zaɓen masara da surfe

In kina da garin tuwo a gida mai laushi, sabo, ki tsallake zuwa mataki na 3. Amma masar da aka faro daga tsaba ta fi, ba kusa ba.

Ki sayi farar masara busasshiya. Ɗebo hannu guda ki shinshina, ki duba bakin ƙwayar. In kin ga baƙi-baƙi ko kore-kore, ko kin ji warin ruma, ki bar wa mai ita kayarsa ko da rabin kuɗi ya ce. Masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma wuta ba ta kashe wannan gubar. Yawancin masarar kasuwarmu daga kudu take zuwa, ta sha hanya a cikin buhu, don haka dubawar ba ɓata lokaci ba ce.

A surfa ta, a turmi ko a inji, a sheƙe dusar. Ki wanke sau biyu zuwa uku har ruwan ya daina yin duhu. Na san ruwa ba abin wasa ba ne a garin nan, musamman in famfo ya yi kwanaki shiru ana jiran ƴan ga-ruwa. Ruwan wankin kada ki zubar, awaki suna sonsa.

2. Jiƙo da niƙa

Ki jiƙa surfaffiyar masarar ta kwana ɗaya. A lokacin zafi kada ta wuce haka, za ta fara wari. A hunturu kwana biyu ba laifi, amma ki canza ruwan da safe. Alamar ta jiƙu: ki danna ƙwaya da farce ta rabe ba gardama. Ki tsane ta a kwando, ki baza a tabarma a inuwa ta sha iska kamar awa 2, ta bushe a waje amma da sauran laima a ciki. Ita wannan laimar ke sa gari ya fito da laushi kamar hoda.

Wurin mai inji ki buɗe baki ki tambaya abin da aka niƙa kafin naki. Na taɓa aiken yaro, ya dawo mini da gari ja-ja mai sa atishawa, ashe kayan yaji aka niƙa a gaba. Yanzu da kaina nake zuwa, in ce, "Malam, don Allah a fara da na mai tuwon can, nawa ya biyo baya." Ki ce a niƙa da laushi, in ya yiwu a maimaita.

Ki tankaɗe. Tsakin da ya rage a rariya ki ajiye shi gefe, da shi za a yi talge.

3. Talge

Nan ne masar take samuwa ko take lalacewa, don haka ki zauna ki yi shi a natse.

Ki ware kofi 1 daga cikin kofi 4 ɗin. In kina da tsaki, ki sa shi a cikin wannan kofin ki cike da gari. Ɗora ruwa kofi 2 a wuta. Kafin ya tafasa, dama kofin garin da ruwan sanyi kofi 1 har gudaji su mutu. In ruwan ya tafasa ki zuba damun a hankali kina juyawa da muciya, ki rage wuta. Zai yi kauri nan da nan ya fara tsalle, ki yi hankali da hannunki. Ki ci gaba da juyawa minti 8 zuwa 10 in gari ne zalla, minti 15 ko fiye in da tsaki, kina ƙara ruwa kaɗan in ya nemi kamawa.

Yadda za ki gane ya nuna: farin garin zai tafi, ya koma yana sheƙi, kuma in kin ɗiba a muciya kin karkata zai sauko da nauyi, yana jan jiki. Ɗanɗana. In kin ji garas-garas ko ɗanyen gari a harshe, bai yi ba. Kaurin da ake so ya fi na kunu, bai kai tuwo ba. In ya zama tuwo za ki sha wahalar murje shi a cikin ƙullu, kuma masar za ta yi gudaji. In ya yi ruwa kamar koko, ba zai riƙe komai ba.

Akwai masu ganin in kashi ɗaya ya yi kyau to rabi zai fi. Na gwada. Masar ta fito da laushi har ya yi yawa, cikinta kamar ba ta nuna ba, tana manne wa haƙori. Kashi ɗaya cikin huɗu, ko in garin mai ɗan tsaki-tsaki ne na kasuwa, ɗaya cikin uku. Iyakarsa ke nan.

Sauke ki juye a robar kwaɓi, ki baza shi ya sha iska.

4. Haɗa ƙullu

Tun talgen yana da zafi-zafi ki zuba sauran gari kofi 3 a kai, ki tuƙa da muciya. Zai yi tauri, ba komai. Zafin talgen yana ɗan tausasa ɗanyen garin, abin da ake so ke nan. Sai ki riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan, kofi ɗaya da rabi, kina murzawa da hannu har ya zama sumul. A wannan matakin ki bar shi da kauri. Ƙullu yana saki in ya tashi, kuma ƙara ruwa gobe abu ne mai sauƙi, cirewa ce ba ta yiwuwa.

Yanzu yis. Ki sa shi a rubu'in kofi na ruwa mai ɗumi da sukari ƙaramin cokali 1, ki ba shi minti 10. In ya yi kumfa yana da rai. In ya kwanta shiru ya mutu, ki nemo wani; ledar yis da aka buɗe aka bari a kan kanta cikin zafin Damagaram ba ta daɗewa.

Kafin ki zuba shi ki tsoma yatsa cikin tsakiyar ƙullun, can ƙasa, ba sama ba. Ya zama ɗumin da za ki iya yi wa jinjiri wanka da shi. Wannan kuskuren na yi shi ina amarya: sama ya huce, ciki da sauran wuta, na juye yis na rufe na kwanta da murna. Da asuba na buɗe na tarar da shi yadda na bar shi, ko kumfa ɗaya babu. Uwar mijina ta leƙo, ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta ce, "Ɗiyata, dafa shi kika yi. Ɗauko nono mu ga abin da za a ceta." Ranar da nono da bakin hoda muka fita kunya.

Juya sosai, ki rufe. Gishiri, albasa da sauran sukarin sai ya tashi.

5. Tashi

Ba agogo ke faɗin lokacin ba, yanayin gari ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, awa 2 zuwa 3 ya isa. In kika bar shi ya kwana da cikakken cokalin yis a irin wannan zafin, da safe za ki tarar ya tashi ya faɗi, ya yi tsami kamar tsohon gasara. In masar safe kike so a bazara, ki rage yis ɗin zuwa rubu'in cokali ki kwaɓa bayan isha'i, ki ajiye robar kusa da randa inda ke da sanyi. Mai firigo ta bar shi awa 1 a waje sannan ta sa a ciki, in dai ba a ɗauke wutar lantarki ba.

A Disamba da Janairu kuwa sai kin lallaɓa shi. Ki kwaɓa da magariba, ki naɗe robar da tsohon zane ko bargo, ki sa a cikin ɗaki. Yakan ɗauki awa 8 ko fiye.

Ya tashi in kin ga saman ya kumbura ya tsattsage, in kin sa ludayi kin ji yana ƙara a hankali kamar kumfar sabulu na mutuwa, ƙanshinsa kuma da ɗan tsami mai daɗi. Kada ki jira ya ninka kamar kwaɓin fanke. Na masara ba ya kai wa haka.

6. Gyaran ƙullu

Kanwar tun lokacin kwaɓi za ki jiƙa ta a rabin kofin ruwa, ƙasar ta kwanta. Ruwan sama kawai ake amfani da shi.

Ki ɗanɗana ƙullun tukuna. In tsamin kaɗan ne, mai daɗi, ba ya buƙatar kanwa. In ya kama harshe, zuba babban cokali 1 na ruwan kanwa, ki juya, ki sake ɗanɗanawa. Za ki ga ƙullun ya ɗan taso, kanwa ce ta haɗu da tsami ta saki iska. Ki tsaya tun da sauran tsami kaɗan. In kanwa ta yi yawa farin ƙullu zai koma rawaya, masar ta yi warin sabulu da ɗaci a maƙogwaro. In hakan ta faru ki zuba nono mai tsami ludayi ɗaya ko biyu, yana rage ta.

Sai gishiri, sukari, da albasa yankakkiya ƙanana sosai ko a goge ta. In da miya za a ci, sukari cokali 1 ya isa. Amma kada ki cire shi gaba ɗaya, shi ke sa bayan masa ya yi ja.

Daidaita kaurin da ruwa kaɗan. Ki ɗebo a ludayi ki zuba: ya sauko a haɗe kamar igiya, ba guntu-guntu ba, ba kuma tsararo ba. Ki buga shi da ludayi sau goma sha wani abu, ki ba shi minti 10 ya huta. Garin masara yana kwanciya a ƙasa, don haka duk zagaye ɗaya na suya sai kin juya daga ƙasa kafin ki ɗiba. In kin manta, na farko za su fito ruwa-ruwa, na ƙarshe kamar dutse.

7. Tanda da wuta

Sabuwar tandar ƙasa ba a fara ta da ƙullu. Ki wanke ta bushe, ki shafe guraben da mai, ki ɗora a wuta marar ƙarfi har ta sha man, ki sake shafawa. Sau uku ko huɗu. Sannan ki soya yankakkiyar albasa a kowane gurbi har ta yi baƙi, ki goge da tsumma. Ko da haka zagayen farko da na biyu za su iya kamawa, kada ranki ya ɓaci. Bayan kin gama aiki kuma ba a wanke ta da sabulu, gogewa ake a kife.

Wuta matsakaiciya. Garwashi ya fi harshen wuta, don haka in itace ne ki bari ya ci ya faɗa, ki riƙa tura ƙanana. Karan hatsi yana saurin tashi yana saurin mutuwa, sai da mai taya ki turawa. A kan gas, ki sa ƙasa-ƙasa, kuma ki riƙa juya tandar don guraben gefe su samu rabonsu. Gwaji: ɗiga ƙullu kaɗan a gurbi mai mai. In ya yi "cuu" a hankali ya fara kumfa a gefe, ta yi. In mai yana hayaƙi, ta wuce.

8. Suya

Zuba mai ƙaramin cokali 1 a kowane gurbi, ki bi da bayan cokali ya shafi gefe. Masara tana shan mai fiye da shinkafa, kuma in kin yi mata rowa za ta rama ta hanyar kamawa. Zuba ƙullu ya kusa cika gurbin, ki bar ɗan wuri don tashi. Ki fara daga guraben gefe ki ƙare da na tsakiya, shi ya fi zafi, shi kuma za ki fara juyawa.

Sai ki cire hannu. Minti 2 zuwa 3. Za ki ga ƙananan ƙofofi suna buɗewa a sama, gefen ya bushe ya yi ja yana janyewa daga jikin tanda, tsakiya kuma da sauran ɗan ruwa. Lokacin ne. Zura bakin cokali ta gefe, ki zagaya, ki kifa ta a tashi ɗaya. In kin zura cokali kin ji tana riƙe, ba ta shirya ba, ki ƙara mata rabin minti. Ɗiga mai kaɗan ta gefe, ki ba ɗaya fuskar minti 1 zuwa 2.

Ta farko ki raba ta biyu ki duba. Ciki ya zama da ƙofofi kamar soso, ba jiƙe ba. Waje ya ƙone ciki ɗanye, wuta ta yi yawa ko ƙullu ya yi kauri. Ta yi fari ta bushe ta yi tauri, wuta ta yi kaɗan. Tana wargajewa wurin juyawa, talge bai isa ba ko bai nuna ba. Ki fasa ƙwai 1 a cikin ƙullun, ko ki dama fulawa rabin kofi ki zuba, zai kama. Ta kwanta ba ta kumbura, ƙullun ya yi ruwa ko ya wuce tashi. Ƙara gari kaɗan da bakin hoda ƙaramin cokali 1.

Ki kwashe a kwando, kada ki tara su a leda ko kwano mai murfi da zafinsu, gumi zai kashe ƙamas-ƙamas ɗin gefen. In sun sha iska minti kaɗan sai ki rufe da tsumma mai tsabta.

In wani abu babu

Babu tanda: kaskon suya mai faɗi yana yi. Ki ɗan ƙara wa ƙullun ruwa, shafa mai, zuba ludayi ɗaya ki bar shi ya bazu kamar tafin hannu, ki rufe da murfi minti 2 sannan ki juya. Za ta fito a shimfiɗe, ta fi kama da sinasir, amma ɗanɗanon yana nan.

Babu yis: haka iyayenmu suka yi ta yi. Ludayi ɗaya na ƙullun jiya, naki ko na maƙwabciya mai sayar da masa, ya isa ya tayar da wannan awon cikin dare ɗaya. In babu shi, nono mai tsami rabin kofi, ki bar shi ya kwana. A hunturu yana iya neman kwana biyu. Irin wannan ya fi tsami, a nan ne kanwa take da aiki sosai.

Babu kanwa: bikarbonat, wato sodar girki, ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka, a narka a ruwa.

Babu lokaci, baƙi sun yi sallama: ki yi talgen duk da haka, ki baza shi a faranti ya huce da wuri. Haɗa da sauran gari, nono kofi 1, ƙwai 2, bakin hoda ƙaramin cokali 3, gishiri, sukari, albasa, da ruwa gwargwado. Ki soya nan take, bakin hoda ba ya jira. Ba za ta yi ƙanshin mai kwana ba, amma ba wanda zai mayar miki da kwano.

Jar masara kawai kika samu: tana yi, ta fi ƙanshi ma, sai dai ƙwayarta ta fi tauri, ki ƙara mata rabin yini a jiƙo. In akwai ragowar dafaffiyar shinkafa fara a gida, ki murje kofi 1 ki haɗa da talgen, laushin yana ƙaruwa.

Ci da ajiya

A gidanmu da miyar taushe ake ci in akwai kabewa da yakuwa, in babu kuwa dakakken ƙuli-ƙuli da yaji da ɗigon man gyaɗa. Yara sukari suke barbaɗawa, maigida zuma yake so da shayi. Da zafinta ta fi. Wadda ta rage zuwa yamma za ta ɗan yi tauri, halin masara ne. Ki yayyafa mata ruwa ki mayar a tanda ki rufe minti 2, ko ki turara ta a madambaci. Ragowar ƙullu a bazara ba ya kai gobe sai a firigo, amma ki ware ludayi ɗaya a ƙaramin kwano ki rufe, da shi za ki tayar da na daren nan.